Kiɗan Garuruwa: Rok-an-Rol a Amurka Kafin Zamanin Makaɗan Gareji



Mas'alar da aka ɗora mini in yi magana a kanta yau ta wata ƙasa ce mai nisa da wani zamani da ya shuɗe, watau kiɗan samarin Amurka da ake kira rok-an-rol, da yadda ya zauna a garuruwansu dabam-dabam tun daga wajen 1950 har zuwa 1964. Ko da yake na san akwai a cikinmu waɗanda kunnensu bai saba da wannan kiɗa ba, har ma da waɗanda ba su da muradin su saba da shi, ina roƙon a ba ni aron hankali, domin kowace sana'a ta 'yan Adam tana da haƙƙin a binciki asalinta bisa adalci, a san wanda ya ƙaga da wanda ya karɓa, a kuma san wanda ya ci moriya da wanda aka bari hannu rabbana.

Riwayar da ta fi shahara a bakin mutane ita ce, wai kiɗan nan ya bayyana da Elvis Presley wajen 1955, ya yi tashe na 'yan shekaru, ya mutu a 1959, sa'an nan ƙasar ta yi tsit har ranar 9 ga Fabrairu 1964, sa'ad da samarin nan huɗu na Ingila da ake kira Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutum wajen miliyan 73 suka kalle su, sai yara dubbai suka sayi jita da ganguna, suka shiga garejin motocin iyayensu suna gwaji, har aka sanya wa zamanin sunan garejin. Riwayar tana da daɗin ji, kuma ba ta rasa wani yanki na gaskiya ba. Amma duk wanda ya yi mata kallon tahƙiƙi zai ga rauninta, domin yaro ba ya kwana jahilin kiɗa ya tashi da ƙungiya, da ɗakin da zai yi wasa, da gidan rediyon da zai saka faifansa, da kamfanin da zai buga shi. Waɗannan abubuwa duka yaran 1964 tarar da su suka yi a shirye, kuma waɗanda suka shirya su mutane ne na garuruwan da ba a cika ambatonsu ba, waɗanda suka yi shekara goma sha huɗu suna aiki, kowane gari da irin sautin da aka san shi da shi.

Kafin in shiga garuruwan, ya kamata in faɗi dalilin da ya sa abin ya yiwu tun da farko. Manyan kamfanonin faifai na wancan lokaci, irin su RCA da Columbia da Decca, sun raina kiɗan baƙaƙen fata, suna ganin ba kasuwar da ta cancanci wahalarsu ba ce, sai ƙananan 'yan kasuwa suka sami fili. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu rakoda mai ɗaukar sauti a kan zare ta yaɗu, har mutum ɗaya mai ɗan jari ya iya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a bayan shago. A 1949 aka fito da ƙaramin faifan garmaho mai juyi 45 a minti, mai araha, mai sauƙin ɗauka. Kuma da manyan shirye-shirye suka ƙaura zuwa talabijin, sai gidajen rediyo suka koma hannun masu saka faifai na kowane gari, waɗanda suke saka abin da kunnensu ya yarda da shi. Da dare kuwa, tasha kamar WLAC ta Nashbil tana watsa kiɗan buluz da ƙarfin da ke ratsa jihohi da yawa, har ya zamana yaron da dokar wariyar launin fata ta hana shi zama aji ɗaya da baƙar fata yana kwance a ɗakinsa yana ɗaukar darasi daga mawaƙansu.

A Memfis, bakin kogin Misisifi, wani mai aikin rediyo da ake kira Sam Phillips ya buɗe ɗakinsa a titin Union a watan Janairu 1950, kuma waɗanda ya fara ɗauka baƙaƙen fata ne na ƙasar auduga, irin su B.B. King da Howlin' Wolf. A watan Maris 1951 Ike Turner ya zo da jama'arsa daga Clarksdale. An ruwaito cewa lasifikar mai jitarsu, Willie Kizart, ta lalace a hanya, aka cusa mata takarda, sai ta riƙa fid da wata ƙara mai gurnani, shi kuwa Phillips, maimakon ya ce a dakata a gyara, sai ya ce a ɗauka haka. Faifan da ya fito, mai suna "Rocket 88", masana da yawa suna lissafa shi cikin na farkon wannan kiɗa. Wannan hali na karɓar aibi a mai da shi ado zai yi ta biyo mu daga gari zuwa gari, saboda haka ina so a riƙe shi. Elvis bai ɗauki waƙarsa ta farko da ta shiga kasuwa a wannan ɗaki ba sai a watan Yuli 1954, kuma waƙar ma ta wani baƙar fata ce, Arthur Crudup. A watan Nuwamba 1955 Phillips ya sayar da yarjejeniyar Elvis ga RCA a kan dala 35,000, ya yi amfani da kuɗin ya tallafi Carl Perkins da Johnny Cash da waɗanda suka biyo su. Sautin Memfis siriri ne, kayan kiɗa kaɗan, murya tana dawowa da 'yar amsa-kuwwa wadda Phillips yake samarwa da rakoda biyu.

In kuwa aka gangara kogin zuwa Niyu Oliyans, sai a tarar da wata mazhaba dabam, wadda ni a ganina ta fi ta Memfis zurfin saiwa, ko da yake ba ta kai ta suna ba. Can wani ɗan Italiyawa, Cosimo Matassa, yana da ɗan ɗaki a bayan shago a titin Rampart, ɗan taƙi kaɗan daga filin da ake kira Congo Square, inda a zamanin bauta ake barin bayi su taru ran Lahadi su yi kiɗa da rawa irin ta ƙasashensu, da yawansu kuwa daga Afirka ta Yamma aka kwaso kakanninsu. A wannan ɗaki Fats Domino ya ɗauki "The Fat Man" a watan Disamba 1949, Dave Bartholomew yana shugabantar makaɗa. A nan Lloyd Price ya yi tasa a 1952, a nan kuma Little Richard ya ɗauki "Tutti Frutti" a watan Satumba 1955. Kiɗan wannan gari mai kauri ne, piyano yana birgima, ƙahonin saksofon suna tafiya tare kamar murya guda. Amma ginshiƙin abin duka shi ne makaɗin ganga Earl Palmer, wanda ya riƙa nauyaya bugu na biyu da na huɗu daga farkon waƙa har ƙarshenta. Duk yaron da ya zauna bayan ganguna a gareji bayan shekara goma, ko ya taɓa jin sunan Palmer ko bai ji ba, bugunsa yake maimaitawa. Abin lura kuma, kamfanonin da suke sayar da waɗannan faya-fayai, Imperial da Specialty, a Los Anjelis suke, saboda haka garin ya ba da fasaha, riba mafi tsoka ta tafi wani wuri.

Sauran wuraren zan ratsa su da sauri. A Shikago 'yan'uwa biyu, Leonard da Phil Chess, suka fito da Chuck Berry da Bo Diddley a 1955, kuma salon jitar Berry ya zama matanin da kowane almajiri yake fara haddacewa. A Clovis, wani ƙaramin gari na jihar Niyu Meziko, Norman Petty yana barin makaɗa su kwana suna gwaji ba tare da ya ƙirga musu sa'o'i ba, shi ya sa Buddy Holly ya riƙa tsallakowa daga Lubbock ta Teksas, har ya ɗauki "That'll Be the Day" a watan Fabrairu 1957. Shi ne kuwa ya nuna cewa samari huɗu da jita biyu da ganguna suna iya tsara waƙarsu su kuma kaɗa ta da kansu. A Finiks, Lee Hazlewood ya sa lasifika a cikin wani ƙaton tankin ruwa wanda babu kome a ciki, domin jitar Duane Eddy ta sami amo. A kudancin Luwiziyana, garuruwa kamar Crowley da Ville Platte da Lake Charles suna da kamfanoninsu, inda jikokin Faransawa da baƙaƙen fata suka haɗa wani kiɗa mai sanyi na kansu. Link Wray kuma, wanda yake da jinin Shawnee cikin mutanen ƙasar na asali, ya huda lasifikarsa da gangan domin ya sami irin gurnanin da Kizart ya samu bisa tsautsayi, har waɗansu gidajen rediyo suka ƙi saka faifansa "Rumble" na 1958, alhali babu kalma ko ɗaya a cikinsa.

To, yanzu mu zo ga shekarun da ake cewa kiɗan ya mutu. Gaskiya ne musibu sun auka wa manyansa a jere: Little Richard ya bar waƙa ya koma wa'azi a 1957, aka ɗauki Elvis soja a watan Maris 1958, sunan Jerry Lee Lewis ya ɓaci a wannan shekara, ranar 3 ga Fabrairu 1959 jirgin sama ya faɗi kusa da Clear Lake a jihar Ayowa da Buddy Holly da Ritchie Valens da Big Bopper, a ƙarshen shekarar aka kama Chuck Berry, majalisar dokoki kuma ta shiga binciken cin hancin da kamfanoni ke bai wa masu saka faifai, abin da ya karya Alan Freed, mutumin da ya yaɗa sunan kiɗan tun yana Kilibland. Wanda yake kallon talabijin kaɗai, lalle zai ce an yi jana'iza. Amma a dubi abin da ya faru a daren da jirgin ya faɗi: garin da Holly zai yi wasa, watau Moorhead, aka yi shela a rediyo ana neman makaɗan gida su cike gurbi, sai ga wani yaro ɗan shekara 15 daga Fargo, Bobby Vee, ya zo da ƙungiyarsa. Wannan ita ce hujjata mafi sauƙi. A tsakiyar hunturu, a wata kusurwa ta ƙasar da babu wanda yake lissafa ta cikin cibiyoyin kiɗa, an riga an sami yaran da suka haddace waƙoƙin, suna jiran a kira su.

Abin da ya raya kiɗan a waɗannan shekaru shi ne ɗakunan rawa. Tun zamanin iyayensu akwai manyan zaurukan rawa a bakin tafkuna da gefen hanyoyi, da zaurukan sojojin sa-kai da na makarantu, kuma mai shirya biki ya fi samun sauƙi ya ɗauko samari huɗu na garin da ya kira tauraro daga Niyu Yok. Da yake ba kowace ƙungiya ce take da mawaƙi ko makirufo mai kyau ba, sai kiɗa zalla, wanda babu waƙa a cikinsa, ya yi kasuwa: Johnny and the Hurricanes a Toledo, Fireballs a Clovis. A kudancin Kalifoniya, Dick Dale ya cika zauren Rendezvous na Balboa da masu wasan hawan igiyar teku tun daga 1961, yana kaɗawa da ƙarfin da ya riƙa ƙona na'urorin ƙara sauti, har Leo Fender, mai masana'antar jita a Fullerton, ya ƙera masa wadda za ta jure. Mahaifin Dale ɗan asalin Lubnan ne, kuma shi da kansa ya sha faɗin cewa saurin bugun tsirkiyarsa daga kiɗan udu da ya ji a wajen danginsa ya samo shi. Waƙarsa mafi shahara, "Misirlou" ta 1962, tsohon sauti ne na gabashin Bahar Rum. A gabashin Los Anjelis kuma 'ya'yan Meziko suna da nasu dandali, suna fita bayan gari zuwa zauren El Monte, inda dokar birni da ta ƙuntata rawar ƙananan yara ba ta kai ba, inda kuma baƙi da fari da Bameziko suke rawa a ɗaki ɗaya.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne arewa maso yamma, garuruwan Siyatul da Takoma da Fotland, domin a can ne ake iya bin isnadin waƙa guda, mutum bayan mutum, kamar yadda malamanmu suke bin riwaya su ga inda ta inganta da inda ta sauya. Yankin yana nesa da kowa, manyan taurari ba sa yawan zuwa, sai mutanensa suka dogara da kansu. Akwai barikokin soja kusa da Takoma waɗanda suka kawo baƙaƙen fata da faya-fayansu. Akwai kuma unguwar titin Jackson a Siyatul, inda Ray Charles ya zo ya zauna a 1948, inda Quincy Jones ya girma. Kuma har kusan ƙarshen shekarun 1950 ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan garin biyu ce, ɗaya ta farare, ɗaya ta baƙaƙe. Malamin samarin yankin a haƙiƙa shi ne Dave Lewis, baƙar fata mai kaɗa piyano da ogan, wanda yaran Turawa suke zuwa su tsaya su saurare shi, su koma gida su gwada abin da suka ji.

Waƙar da nake nufi ita ce "Louie Louie". Wanda ya tsara ta Richard Berry ne, baƙar fata haifaffen Luwiziyana wanda ya girma a Los Anjelis, kuma shi ma karɓa ya yi: yana waƙa tare da wata ƙungiya ta 'yan'uwan Rillera a wani zaure a Anaheim, ya ji suna kaɗa "El Loco Cha Cha" kamar yadda René Touzet, mutumin Kyuba, ya shirya ta, sai ya ɗauki ƙashin bayan kiɗan ya ɗora masa labarin wani matuƙin jirgin ruwa mai begen komawa Jamaika wurin masoyiyarsa. Kamfanin Flip ya fito da ita a 1957, a bayan faifai ma, ba a fuskarsa ba. Ta ɗan yi kasuwa a gaɓar yamma ta kwanta, shi kuwa Berry, da ya tashi aure yana neman kuɗi, ya sayar da haƙƙinta tare da na waɗansu waƙoƙinsa a kan dala 750. A garinta an manta da ita, amma a Siyatul da Takoma makaɗa suka riƙe ta, har ta zama waƙar da ba a tashi biki sai an kaɗa.

Mai riwaya na gaba shi ne Rockin' Robin Roberts, ɗalibin jami'a mai son ilmin kimiyya, wanda yake waƙa da wata ƙungiyar Takoma mai suna Wailers. Kada a haɗa su da Wailers na Bob Marley, na Takoma Turawa ne, sun kuma riga waɗancan. Sun riga sun ɗanɗani shahara a 1959 da faifansu "Tall Cool One", wanda wani kamfani na Niyu Yok ya buga, amma suka zaɓi komawa gida, suka kafa nasu kamfani mai suna Etiquette, suka fito da "Louie Louie" a 1961. Roberts ya ƙara mata zafi, ya sa kururuwa kafin jita ta shigo, ya mai da waƙar bege ta zama ta tayar da zaure. Pat O'Day na gidan rediyon KJR, wanda shi ne kuma yake shirya raye-rayen zauren Spanish Castle tsakanin Siyatul da Takoma, ya yi ta saka ta har ta zama ta ɗaya a yankin, alhali sauran Amurka ba su san da ita ba. A wannan zaure ne wani yaro baƙar fata na Siyatul, Jimi Hendrix, yake zuwa sauraro, kuma bayan ya shahara ya sanya wa wata waƙarsa sunan wurin. Daga Takoma ɗin nan ne har ila yau magina biyu, Don Wilson da Bob Bogle, suka kafa Ventures, mahaifiyar Wilson ta taimaka musu suka buga "Walk, Don't Run" da kuɗinsu, waƙar ta kai matsayi na biyu a ƙasa baki ɗaya a 1960.

Daga Roberts sai Jack Ely na Fotland, mawaƙin Kingsmen, wanda ya ji faifan a 1962 a wani gidan rawa na garin Seaside, daga akwatin garmahon nan da ake jefa wa kuɗi, ya ga yadda jama'a suke tashi duk sa'ad da aka saka shi. Da ka ya ɗauke ta, ya koya wa abokansa, kuma wajen koyarwar ya sauya ƙirgen bugun ba da saninsa ba, sai ta ƙara kaushi. A watan Afrilu 1963 suka shiga wani ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti, makirufo yana rataye can sama har sai da Ely ya ɗaga wuya yana ihu, kalmominsa suka cakuɗe, ya kuma shigo da wani baiti kafin lokacinsa, aka bar shi haka. A wannan wata, a wannan ɗaki, Paul Revere and the Raiders su ma suka ɗauki tasu, kuma tasu ce ta fi karɓuwa a Fotland. Ta Kingsmen sai da wani mai saka faifai a Boston, Arnie Ginsburg, ya saka ta, sa'an nan ta kama wuta, ta kai ta biyu a jerin mujallar Billboard a watan Disamba 1963, wata biyu kafin Beatles su sauka a Amurka. A daidai wannan lokaci Trashmen na Minniyafolis suna hawa jerin da "Surfin' Bird", wadda su ma daga waƙoƙin wata ƙungiyar baƙaƙen fata, Rivingtons, suka haɗa ta. Ashe kuwa abin da daga baya aka kira kiɗan gareji ya riga ya isa kunnen ƙasar duka, da cikakkiyar siffarsa, tun baƙin Ingila ba su iso ba.

Ba na rage wa Beatles daraja da wannan magana. Sun ninka yawan masu sha'awa, sun sauya aski da tufafi, sun kuma komo wa Amurkawa da Chuck Berry da Little Richard da Buddy Holly waɗanda suka yi wa taƙlidi tun suna Libaful. Amma yaron Takoma da ya kafa ƙungiya a 1964, Wailers ne suka fi bin sa bashi, kuma shaida ita ce Sonics, waɗanda faifansu "The Witch" ya fito a wannan shekara a kamfanin Etiquette, Buck Ormsby na Wailers yana kula da aikin, da sautin da babu kamarsa a Ingila ta lokacin.

Ita kuwa "Louie Louie", da yake ba a jin kalmomin Ely sosai, sai jita-jita ta bazu cewa batsa ce a ɓoye. Gwamnan Indiyana ya nemi gidajen rediyon jiharsa su daina saka ta a farkon 1964, hukumar bincike ta FBI ta shafe watanni tana sauraron faifan da sauri da kuma a hankali, ta rufe binciken ba tare da ta tuhumi kowa ba. An sake ɗaukar waƙar fiye da sau dubu, ta tara wa mutane dukiya mai yawa, shi kuwa Richard Berry ya kai ga zama a gidan mahaifiyarsa a Los Anjelis yana karɓar tallafin gwamnati, har sai a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da wani kamfanin abin sha ya so yin talla da waƙar, aka bi masa kadi ya sami wani kaso na haƙƙinsa. Ya ci moriyarsa wajen shekara goma, ya rasu a watan Janairu 1997 yana da shekara 61.